Ƙarfen da Mangru Ya Sayo Ranar Asabar

Mangru, maƙerin garinmu Barhauna, da ƙorafi a baki aka haife shi. Tsofaffin mata sun ce ko kukan da ya yi ranar haihuwa ba kuka ba ne, mita ce. Ya gaji maƙerar ubansa a gindin tsamiya, gabas da rijiya. Ya gaji uwar maƙera da masaba da awartaki, ya kuma gaji aikin garin gaba ɗaya. Duk bakin garmar da ke tsaga ƙasar Barhauna, duk lauje, duk ƙusar keken shanu, daga hannunsa suke fitowa. Ba a biyansa kan aiki. Sai kaka ta yi yake bin masussuka ɗaya bayan ɗaya, kowane mai garma ya ware masa daminsa na shinkafa, shi kuma ya ɗaga damin ya jinjina ya ce na bara ya fi nauyi. Haka ubansa ya yi, haka kakansa, sai dai su an ce sukan yi godiya.

Matarsa Sukiya ce ke masa zuga. Tun tana amarya ta zauna bayan zugazugi, har 'yarsu Fulwa ta girma aka kai ta gidan miji a hayin kogi, ba ta tashi daga wurin ba. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "baban Fulwa", shi kuma ya ce "uwar Fulwa". A ganin Mangru ba ta taɓa zuga wuta daidai ba. In ta yi sauri ya ce tana so ta ƙona masa gawayi, in ta sassauta ya tambaye ta ko barci take. Ita kuwa ta daɗe da gane cewa mitar mijinta kamar ƙarar masaba ce, in aka daina jin ta to ba lafiya.

Lokacin ƙuruciyarsa mutanen tsauni ne ke kawo ƙarfe. Da rani sukan sauko da curi-curi a kwanduna, wanda suka narka da kansu a daji, su karɓi shinkafa da gishiri su koma. Ƙarfe ne mai haƙuri. Ka gasa shi ka doke shi yadda kake so, in ka gama ka jefa shi a kaskon ruwa ya yi cuu, ka ɗauka ka miƙa wa mai shi. Sai aka zo aka shimfiɗa dogo ta kudancin gari. Aka sare daji aka yi katakon da ake jerawa a ƙarƙashinsa, aka hana mutanen tsauni toya gawayi, zuwansu ya riƙa raguwa har ya ɗauke.

Mutanen gari kowa da abin da yake tsoro game da jirgin ƙasa, wani hayaƙi, wani kuwwa. Mangru ba ya tsoronsa, haushinsa yake ji. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne almubazzaranci. Yakan tsaya a bakin dogo ya bi shi da ido har inda ya ƙule, ya ce ga ƙarfen da zai yi wa duniya kaf garma an kwantar da shi a rana kamar shanyar kaya, shi kuwa yana can yana lallaɓa tsohon lauje karo na barkatai.

Ashe ƙarfen dogo ma yana tsufa. Ƙafafun jirgi sukan cinye shi, kamfani ya cire ya sa sabo, tsohon kuma ya faɗa hannun 'yan kasuwa. A kasuwar tasha akwai wani Gopi Sah da ke saye yana sa a daddatsa, maƙeran ƙauyuka suna zuwa suna ɗiba. Mangru ya rantse ƙarfen da jirgi ya taka ba zai hau uwar maƙerar ubansa ba. Rantsuwar ta kai wani rani da aka wayi gari babu ko guntun ƙarfe a maƙera. Ya je ya sayo. Ƙarfen ya zo da laushi, yana bin masaba, yana shiga ruwa ya fito lafiya, kamar dai na mutanen tsauni. Shekara da shekaru Mangru yana aiki da shi yana zaginsa.

Kowa ya san ba a shigo da ƙarfe gida ranar Asabar. Ranar Shani ce, abin bautar nan da ake tsoron idonsa, ƙarfe nasa ne, baƙin riɗi nasa ne, man riɗi nasa ne, kuma wanda idon Shani ya sauka a kansa ya shiga shekarun wahala. Shi ya sa ranar Asabar mata kan zuba mai a kwanon ƙarfe su leƙa fuskarsu a ciki su ba da shi sadaka, shi ya sa kuma rumfar Gopi Sah kan wuni babu kowa. Gopi Sah da ya gaji da korar ƙuda sai ya riƙa karya farashi ranar Asabar, ko wani marar tsoro zai zo.

Mangru ya yi lissafinsa shi kaɗai. Shi da ke kwana da ƙarfe ya tashi da ƙarfe, in Shani na nemansa ai ya san hanyar gindin tsamiya tun tuni, ba sai ya jira shi a kasuwa ba. Saboda haka ana dab da faɗuwar damina, lokacin da kowa ya kawo garmarsa a sa mata sabon baki, ya ce wa Sukiya zai je neman gawayi. Ya ɗauki hayar keken shanu ya nufi tasha ranar Asabar, ya kwana biyu a gidan wani abokinsa don kada a gane, ya shigo gari ranar Litinin da fuskar mutumin kirki.

Ƙarfen da ya samo a wannan karon ya fi na kullum kyan gani. Gopi Sah ya ce masa sabon samfuri ne, ambaliya ce ta lanƙwasa shi aka cire, ko cinyewa bai yi ba. Siffarsa dai siffar dogo ce kamar kullum. Da Mangru ya zo datsawa ya ga yana ba shi wuya, sai ya ɗora laifin a kan zugar Sukiya. Da ya doka ya ji amonsa ya fi tsayi, sai ya ce kunnensa ne ya fara tsufa. Ya ƙera bakin garma na gari duka, yana gamawa yana jefawa a kaskon ruwa yadda ya saba. Wani lokaci yakan ji ɗan ƙas daga cikin ruwan. Ya ce kaskon ne zai fashe, maginan tukwane na yanzu ba su iya komai ba.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙa, gari ya fita da shanu. Garmar mai gari Jadu Mahto ce ta fara. Ta taɓa wani ɗan dutse, bakin ya ɓalle gida biyu kamar katangar tulu. Kafin rana ta take, manoma sun yi layi a gindin tsamiya, kowa da gutsattsarin ƙarfe a gefen mayafinsa. Wasu ma ba dutse suka taɓa ba, saiwa ce.

Mangru ya fara da cewa shanun bana sun cika gaggawa. Daga nan ya koma kan manoma, ya ce sun manta riƙon garma. Wani tsoho ya tambaye shi ko gari duka ne suka manta a safiya ɗaya. Wani kuma ya ce a bar Mistiri, wato Mangru kamar yadda ake kiran mai sana'a, ya huta, ya canza sana'a ne bai faɗa wa kowa ba, yanzu tukwane yake ginawa.

Jadu Mahto bai yi dariya ba. Ya zauna a kan kututture ya jera gutsattsarin a gabansa. Ya ce ubansa da uban Mangru sun yi zaman lafiya, shi ma ba ya son a ce a zamaninsa aka raba gidan su Mangru da maƙera. Amma danshin nan ba zai daɗe ba, wanda bai yi huɗa yanzu ba ya rasa shekara. Akwai wani maƙeri a tasha da ya taɓa aiki a ma'aikatar gyaran jirgi, ya daɗe yana neman garin da zai zauna.

"Mistiri, in ƙasa ta fara bushewa ba mu da garma, zan kira shi. Gindin tsamiyar nan da damin kaka nasa ne."

"Ranka ya daɗe, kakana ne ya dasa tsamiyar nan."

"Na sani. Ba tsamiyar ce ta karye ba."

Mangru ya koma kan ragowar dogon. Ya gasa ƙarfe ya yi ja sosai, ya tsoma a ruwa, ya gwada da masaba, ya tarwatse. Ya rage wuta, ya tarwatse. Ya ce ruwan rijiya ne ya lalace, ya sa aka ɗebo na kogi. Ya ce na kogi ya yi laka. Har ruwan kogin Ganga mai tsarki da wata tsohuwa maƙwabciyarsu ke ajiye da shi a ɗan tulun tagulla don ranar mutuwarta sai da ya roƙa aka ɗiga masa a kasko, ƙarfen ya karye da tsarkinsa. Kullum dogon yana raguwa, kullum rana tana shan danshin gonaki.

Ana cikin haka Sukiya ta je rijiya ta haɗu da matar mai keken shanu. Ta dawo ta ajiye tulu a hankali, ta zauna bayan zugazugi, ba ta taɓa shi ba.

"Kana ji, baban Fulwa. Gawayin nan da ka je nema, wace rana ka same shi?"

Mangru ya ce shi ba ya riƙe ranaku, shi ba malamin duba ba ne.

"Matar mai keke tana riƙewa."

Ya ce matar mai keke ta riƙe bakinta ya fi mata. Sukiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta zauna da shi tun ba ta iya ɗaura zane ba, ta san yana da rowa, ta san yana da taurin kai, amma ba ta san zai haɗa su biyun ya je ya ɗauko kayan Shani ranar Shani don an rage masa 'yan kwabbai ba. Maganin kuwa ko yarinya ta san shi: a ba mai kaya mansa, a roƙe shi ya kau da ido.

Mangru ya ce shi maƙeri ne ɗan maƙeri, ƙarfe wuta ya sani da masaba da ruwa, bai san ranakun mako ba. In ƙarfe na cin mai, da an ga kakansa yana soya lauje. Ta ce to.

Washegari ya tarar da kwanon man riɗi kusa da uwar maƙera. Ya ture shi da ƙafa gefe. Kashegari kwanon ya dawo, ya ƙara girma. Zancen Asabar kuwa ya gama gari. Mata suka daina bi ta gindin tsamiya, masu zuwa duba garmarsu sukan tsaya daga nesa su yi tambaya da ƙarfi kamar masu magana da mai agana.

Ranar da saman gonaki ya fara yin fari, Jadu Mahto ya zo da baƙonsa. Maƙerin tasha mutum ne mai ladabi, ya gai da Mangru ya kira shi kawu, amma idonsa yana kan inuwar tsamiya, yana auna inda zai kafa nasa zugazugin. Rabin gari ya biyo su. Guntun dogo ɗaya ya rage wa Mangru, yana cikin wuta, ya riga ya fitar masa da siffar bakin garma. Ya cafko shi da awartaki jajir, ya juya wajen kaskon ruwa, bai ga kasko ba. Sukiya ta janye shi ta kai bayan ɗaki. A gurbinsa ga babban kwanon ƙarfen da take suya ranar biki, cike da man riɗi har baki, duk abin da ta tanada na shekara.

Ƙarfe yana hucewa a hannunsa, mai gari yana kallo, baƙo yana kallo. Mangru ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi zugazuginta.

"Mai ne Shani yake so? To ga shi. Ya sha ya ƙoshi, ya bar ni in huta."

Ya danna ƙarfen cikin kwanon. Man ya yi ruri, hayaƙi ya turnuƙe, harshen wuta ya tashi ya lashe masa rabin gashin baki. Mutane suka ja da baya, wata tsohuwa ta fara ambaton Shani. Mangru ya riƙe awartakin don taurin kai kawai, har rurin ya kwanta. Da ya zaro ƙarfen, man da ke jikinsa yana ci da wuta, ya wurgar da shi ƙasa ya bar shi ya cinye, ya zauna yana shafa inda gashin bakinsa yake a da. Maƙera duk ta ɗauki ƙanshin suya.

Da ƙarfen ya huce Jadu Mahto ya ce a gwada, a gama. Mangru ya ɗora shi a uwar maƙera ya ɗaga masaba da niyyar ya farfasa shi kowa ya ga banzar da aka yi da mai. Ya doka. Ƙarfen ya yi amo, ko tsagewa bai yi ba. Ya ƙara da ƙarfinsa duka, masabar ta yi tsalle. Aka ɗaura shi a garmar mai gari aka nufi gonar tsohon matoyin bulo, wadda ke cin bakin garma ko a shekarar lafiya. Ya tsaga ta daga wannan kai zuwa wancan, ya fito da tsininsa.

Maƙerin tasha bai bi su gona ba. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya daga cikin gutsattsarin da suka karye, ya duba cikinsa a rana.

"Kawu, ai wannan fulad ne. Sabon dogon duk da shi ake yi yanzu. In yana da kauri ruwa yana fasa shi, mai ne ke sanyaya shi a hankali."

Mangru ya san fulad. Ƙarfen aska ne da takobi, ubansa kan ajiye ɗan guntu kamar babban yatsa a ƙunshe cikin tsumma, ba a fito da shi sai wanzami ya zo. Ya ce wa baƙon kada ya raina masa hankali. Wane mahaukaci ne zai shimfiɗa ƙarfen aska a ƙasa tun daga nan har birnin Kalkata don jirgi ya taka? Baƙon ya ɗaga kafaɗa, ya yi sallama, ya kama hanyar tasha. Bayan ya tafi Mangru ya ɗauki guntun ya duba da kansa. Cikinsa toka-toka ne, lukui kamar gari, irin na tsumman ubansa sak. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zagi kamfanin jirgi da bai aiko an gaya masa ba.

A ranar aka tura keke tasha, ba Asabar ba ce, aka sayo wani dogon. Kowane gida ya aiko da mansa. Mangru da Sukiya suka duƙufa, bakin garma yana shiga mai yana fita, har aka yi huɗa kafin ƙasa ta ƙeƙashe. Makon nan babu gidan da aka yi suya a Barhauna. Jadu Mahto bai sake tayar da zancen tsamiya ba, da kaka kuma damin Mangru ya zo da nauyin da shi kansa ya rasa abin cewa, sai ya ce ɗaurin ne bai yi kyau ba.

Maƙera ta tsira, amma bayanin ya ɓace masa. Gari ya riga ya yanke hukunci: Mistiri ya saɓa wa Shani, matarsa ta roƙa masa gafara. Duk wanda ya kawo aiki sai ya zo da ɗan kwanon mai, ya fara gai da Sukiya, ya tambaye ta ko yau ranar kirki ce, sannan ya juyo ya miƙa wa Mangru laujensa. Daga ƙauyukan kewaye ma aka fara zuwa, suna tambayar maƙerar mijin Sukiya. Mangru ya yi bayanin fulad har muryarsa ta dushe. Mutane sukan saurara da ladabi, su gyaɗa kai, su ce lallai Shani ya iya kama mutum.

Da abin ya ishe shi, bayan kaka ya shirya hujja. Ya ɗauki Jadu Mahto da kansa a matsayin shaida, suka je tasha ranar Laraba, ranar da babu mai ƙorafi a kanta, ya sayi guntun sabon dogo. Ya tara gari a gindin tsamiya. Ya ce to ga ƙarfen Laraba, Shani ba shi da kaso a ciki, in ya tsoma shi a ruwa ya karye, kowa ya shaida cewa halin ƙarfen ne, ba rana ba ce. Ya gasa, ya tsoma a ruwa, ya ɗora, ya doka. Ya tarwatse gida uku. Mangru ya miƙe yana murmushi, abin da ba a saba gani ba, yana jiran a ba shi gaskiyarsa.

Jama'a suka dubi gutsattsarin. Can tsohuwar nan mai ruwan Ganga ta yi ajiyar zuciya ta ce wa Sukiya cikin tausayi, ashe har yanzu Shani bai huce da shi ba. Jama'a suka amsa. Sukiya ta tashi ta ɗauko kwanon mai.

Mangru ya rayu har ya ga jikokin Fulwa, yana ƙira a gindin tsamiya, gashin bakinsa na hagu bai sake kamo na dama ba. Garmarsa ta yi suna har hayin kogi. Bai daina bayanin fulad ba, ba a kuma fara yarda ba. Ƙarfe kuwa ranar Asabar ya ci gaba da saye har ƙarshen ransa, a fili, da rana tsaka. Ya ce tunda ko ya saya Laraba sai an sa shi ya ba da mai, kuma man mutane ke kawowa, ba zai bar wa Gopi Sah rangwamen ba. Sukiya takan raka shi har bakin hanya, ta ce ya duba da kyau kada a ba shi mai tsatsa, sannan ta koma gida ta wanke kwanon.